Numfashin Gulnaz Banu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, Allah ya yi wa Gulnaz Banu rasuwa a wani asibiti a nan Bengaluru, bayan jinyar wata uku. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Shekarunta hamsin da biyu. Ta bar mijinta Abdul Jabbar, da 'yarta Afrin, da mahaifiyarta da ke Ramanagara, wadda har yau take tambayar dalilin da ya sa ba a fara da ita ba. An sallace ta bayan La'asar, aka rufe ta kafin rana ta faɗi, ana ɗan yayyafi.

Babu jaridar da ta buga hotonta, domin babu wadda take da shi. Amma duk wanda ya taɓa yankar tikiti ya shiga sinima a jihar Karnataka cikin shekara talatin da suka wuce ya san ta, ko da bai san ya san ta ba. Furodusoshinmu sun fi son ɗauko jaruma daga Mumbai ko Kerala, kyakkyawa son kowa, wadda ko gaisuwa ba ta iya da yarenmu Kannada ba. Sai ta tsaya gaban kyamara tana motsa baki, wata ma ƙirge kawai take yi daga ɗaya zuwa goma tana zubar da hawaye. Daga baya a kawo mana hoton situdiyo, Gulnaz ta shiga ɗakin gilashi, ta kalli leɓen yarinyar a allo, ta ɗora mata murya. Samari sun haddace kalamanta sun kai wa 'yan matansu. Mata sun yi kuka da kukanta. Sunanta kuwa sai can ƙarshen fim yake fitowa, lokacin da kowa ya miƙe yana neman takalminsa.

Ni sunana Nurulla Sharif. Ni ne mai ɗaukar sauti da ya zauna a ɗaya gefen gilashin nan shekara ashirin da biyu, da hedifon a kaina. Mu Musulmin wurin Apa muke ce mata, sauran kuma Akka, duk dai yaya ake nufi. Na ɗauki alƙalami ne domin in faɗi alherinta, kuma domin akwai abin da na sani game da wannan mutuwa wanda iyalinta ba su sani ba. Ni na fara jin ciwon da ya ɗauke ta, wata shida kafin likita ya gan shi, kuma da hannuna na ɓoye shi. Zan zo kan wannan. Amma ba zan fara da kaina ba, da ita zan fara.

Apa, ranar da na fara aiki da ke ni ɗan ƙauye ne daga Shivamogga, rigata ɗaya, girman kaina ya fi ta yawa. Aka ba ki wata doguwar fitowa ta uwa da ta rasa ɗanta. Kika yi ta tun daga farko har ƙarshe ba ki tsaya ba, ɗakin ya yi tsit, furodusa yana share ido da gefen mayafin kafaɗarsa. Ni kuwa na duba na ga ban danna maɓallin ɗauka ba. Ke kaɗai kika ga fuskata ta cikin gilashi. Kafin kowa ya buɗe baki kika ce, "Ban gamsu ba, a sake." Furodusa ya ce ai babu abin gyara, kika ce ke kika san abin da kika ji. Sannan kika matso da bakinki kusa da makirfo, kika yi raɗa yadda ni kaɗai zan ji a hedifon: "Ɗan Shivamogga, wannan karon jan nan za ka danna, ba a saka shi don ado ba." Kika sake yin kukan nan daga farko, ranar kika koma gida muryarki a dishe. Ba ki taɓa tayar da maganar ba, sai dai duk lokacin da na fara cika baki a gaban sababbin ma'aikata, ki nuna min jan maɓallin da ido.

Ba a yin yunwa a inda kike. Kullum da jeren kwanukanki huɗu kike zuwa, tuwon tamba da miyar ganye, ran Juma'a shinkafa da nama, kuma ba ki taɓa tambayar wanda ya miƙo hannu addininsa ko matsayinsa ba. Mai gadi da darakta a tabarma ɗaya suke ci in ke kika zuba. Abu ɗaya ne ba kya yafewa, ruwan sanyi. Duk yarinyar da ta shigo koyon ɗora murya kika gan ta da gorar ruwa mai raɓa, sai kin karɓe kin zubar a tukunyar fure, ki miƙa mata fulas ɗinki na ruwan ɗumi da citta da masoro. Kina cewa maƙogwaro gona ce, wanda ya shayar da ita ƙanƙara kada ya zo yana kukan girbi. Da yawa daga cikin waɗanda suke cin abinci da muryarsu a garin nan yau, a gefenki suka fara tsayuwa, kina dafa musu baya ki nuna musu inda za su ja iska.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani tsoho ya zo tun daga wani ƙauye kusa da Mandya, ya wuni a bakin ƙofa yana neman lambar wata jaruma. Matarsa makauniya ce, tana kwance ba lafiya, kuma burinta ta ji wannan jarumar ta yi mata magana sau ɗaya. Mu duk mun san jarumar ba za ta iya haɗa kalma uku da Kannada ba. Na ce ya kira matarsa, ki karɓi wayar kawai ki ce ke ce jarumar, wa zai sani. Kika harare ni. Kika karɓa kika ce, "Mama, ni ba ita ba ce, sunana Gulnaz, ni nake yi mata magana a fim." Tsohuwar ta ce, "To ni ai ban taɓa ganinta ba. Ke na sani." Kuka yi hira ta kusan awa guda, kina tambayarta jikokinta da abin da ta ci da safe. Ke ba ki iya yi wa ko makauniya ƙarya da murya ba. Wannan ma yana cikin abin da yake hana ni sakewa.

Yanzu dole in yi bayanin sana'ata, don ba kowa ya san ta ba. Makirfo ba shi da kunya. Yana ɗaukar haɗiyar miyau, da taɓuwar leɓe, da kukan ciki, da kowane numfashi da mutum ya ja kafin ya furta kalma. Idan mai murya ya tafi gida, ni sai in zauna gaban kwamfuta in bi layin sautin ɗaya bayan ɗaya, in cire duk wannan, in bar magana fes. Muna kiran wannan shara. A Gandhinagar, unguwar 'yan fim, an san ni da ita, har ana cewa idan Nurulla ya share murya ko uwar mai muryar ba za ta ga tabo ba. Na yi alfahari da wannan magana fiye da kima.

Masu ɗora murya kuma suna da tasu al'adar. Ba su yarda da kunnensu ba, domin mutum ta cikin ƙashin kansa yake jin muryarsa, ba yadda duniya take ji ba. Don haka kowace safiya, kafin a fara aiki, Apa takan zauna a kujerar da ke gefena ta ce, "Kunna min na jiya." Ta rufe ido ta saurara. Da wannan take auna lafiyarta, kamar yadda wasu suke duba madubi. Abin da nake kunna mata kullum kuwa wanda na riga na share ne. Haka muka saba tun farko, babu wanda ya taɓa ganin aibu a ciki.

A watan Fabrairu na fara jin ciwon nan. Tallar sabulu muke yi, aikin minti ashirin. Kafin kowace jimla, daidai lokacin da take jan iska, sai in ji wani siririn fito can ƙasa, ta gefe ɗaya na ƙirji. Na zaci waya ce ta saki. Na canja waya, na canja makirfo, na kashe na'urar sanyaya ɗaki. Yana nan. A kan allo ɗan tsini ne kawai, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na sa hannu na goge shi, na ce ƙurar haƙan titi ce da ta cika garin. Washegari ta saurara ta ce, "Tsohuwa tana nan daram, ko?" Na ce daram.

A daidai lokacin ne wani darakta, Sudhindra Bhat, ya zo da fim ɗinsa na farko, ma'anar sunan fim ɗin ita ce Kwana Uku na Fure. Labarin soyayya ne a gonakin kofi na Chikkamagaluru, tsakanin direban motar gona da wata yarinya mai suna Malli, wadda take ɓoye masa cewa zuciyarta ba za ta kai ta wata damina ba. Jarumar 'yar shekara ashirin da biyu ce daga Mumbai. Sudhindra ya ce shi tun yana makaranta yake jin muryar Gulnaz, kuma da ita a kunnensa ya rubuta Malli. Furodusa Nanjappa bai so ba. A gabana ya ce, "Kai yaro, Akka fa ta haifi jarumar nan. Mutane za su ji kamar uwar ce take soyayya." Suka yi ta ja, a ƙarshe ya yarda da sharaɗi ɗaya: ranar da ya ji alamar tsufa ko gajiya a muryar, ranar za a kawo wata.

Shekara uku rabon da a ba Apa jaruma. An mayar da ita muryar gwaggo da surukai da matan da ke tsegumi a bakin famfo. Ranar da aka gaya mata ta samu Malli, da kwalin alewar madara ta zo, ta bi kowa tana sa masa a baki. Na ga yadda take tafiya ranar. Na yi wa kaina alkawari babu abin da zai kai kunnen Nanjappa.

A watan Afrilu muka ɗauki muryar rabin farko. Tsinin nan ya girma. Ba ya tsayawa a gaban jimla kuma, ya fara shiga tsakiyarta, ya liƙe a jikin kalmomi. Aikin da nake gamawa cikin awa ɗaya ya koma cin rabin yini. Nakan je tsofaffin ɗaukarta na shekarun baya in aro numfashi mai lafiya, in dasa a inda na cire marar lafiya, don kada maganar ta zama kamar ta na'ura. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba a rayuwata, kuma ina jin daɗin hakan a lokacin. Wannan gaskiya ce, ba zan share ta ba.

Wata safiya, bayan ta saurara, ba ta tashi ba. Ta juyo ta ce, "Nurulla, kwana biyu matattakalar gidanmu tana ƙaruwa. Kai da kunnenka kamar faifai, ba ka jin komai a muryata?" Sudhindra yana bayanmu yana duba takardu, Nanjappa yana waya a bakin ƙofa. Na ce, "Garau take, Apa. Ai kin ji da kanki." Ta ce, "Na ji. To ƙiba ce, Afrin ta yi gaskiya." Ta yi dariya ta shiga ɗakin gilashi. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnena ya ji, amma jikin ba nawa ba ne, sai na yi shiru. Na ce bari a gama fim, saura kaɗan, daga nan in ja ta gefe in gaya mata.

Aka dakata ana jiran damina, domin Sudhindra ya ƙi ɗaukar fitowar ruwan sama da ruwan famfo, ya ce sai na sama. A ƙarshen Yuni aka gama ɗauka, ya gayyace mu gonar kofin da aka ɗauki fim ɗin don fasa kabewa. Duk fim ɗin da aka kammala haka ake yi: a huda farar kabewa a zuba jan gari a ciki, a zagaya da ita kan kyamara da kan jarumai, a maka ta da ƙasa don ta kwashe kambun baka. Daga inda mota ta tsaya zuwa inda ake taron ɗan hawa ne, yaro zai haye shi da gudu. Sau uku Apa tana tsayawa, kowane karo ta yi kamar tana kallon itatuwa. Da aka fasa kabewar jan ya fantsamo har gefen mayafinta. Ta dubi wurin ta ce, "Kowa an kore masa ido, ban da mu. Mu da ba a gani, wa zai yi mana baki?" Aka yi dariya. Ni ina tsaye kusa da ita, ba hedifon a kaina, kuma a karon farko na ji fiton nan da kunnena tsirara, cikin ƙarar ruwan sama. Saura fitowa tara da za ta ɗora wa murya a lokacin.

Apa tana da ƙa'ida biyu da ba ta karyawa. Ta farko, fitowar kuka da ta mutuwa su ne ƙarshen abin da take ɗauka, domin kuka yana cin murya. Ta biyu, ba ta sauraron mutuwarta a situdiyo. Takan ce mutum ba ya zuwa jana'izar kansa sau biyu, sai a sinima za ta ji tare da jama'a. Ranar ƙarshe ta Yuli muka kai ga mutuwar Malli. Tana kwance a bayan motar gona, saurayin yana tuƙi yana gangarowa da ita asibiti cikin ruwa, ita kuma tana yi masa hirar yadda za su jera ɗakinsu, ina za a sa gado, ina za a rataye madubi. Minti huɗu ne, babu kiɗa.

Sau ɗaya ta yi. Ba ta yi wani nishi na wasan kwaikwayo ba, magana kawai ta yi a hankali, kamar yadda aka rubuta. Amma jimlolin dogaye ne, kuma ƙirjinta ya daina iya ɗaukar dogon zance. A tsakanin kowace kalma uku sai abin nan ya fito, yanzu ba fito kaɗai ba, har da wani ɗan ƙugi a ƙarƙashinsa. Sudhindra ya sa hedifon na biyu ranar. Da ta gama ya kifa kansa a kan tebur. Da ya ɗago ya danna maɓallin magana ya ce, "Akka, wannan numfashin, a ina kika koyo shi?" Ta ce, "Wane numfashi? Kai dai ka iya zuga, ɗan nan. A ba ni ruwana." Ya juyo gare ni ya ce, "Malam Nurulla, kada ka taɓa ko ɗigo a nan. Yadda yake haka zai fita." Na ce to. A shekara ashirin da biyu wannan ne karo na farko da na bar muryarta ba shara.

Ina da kwana takwas kafin fim ya fita. Kullum in ce gobe. Na ɗauki waya na ajiye ban san sau nawa ba. Abin da ya hana ni a Fabrairu tausayi ne, ko abin da na kira tausayi. Abin da ya hana ni a Agusta tsoro ne kawai, domin duk yadda na fara maganar sai ta kai ga tambayar tun yaushe.

Ranar Juma'a, takwas ga Agusta, muka je kallon safe. A waje masoyan jarumin sun hau katako suna kwarara wa ƙaton hotonsa madara, ana kiɗa ana fasa kwakwa. Babu wanda ya kalli matar da ta ratsa su da baƙin mayafi da fulas a hannu. Muka zauna a bene, layin baya. Duk inda Malli ta yi barkwanci aka yi dariya, sai Apa ta ɗan gyaɗa kai. Sannan motar ta fara gangarowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lasifikokin sinima sun fi mutum tsayi, kuma abin da ya fara a matsayin ƙwayar shinkafa a kan allona ya cika ɗakin nan daga bango zuwa bango. Mutum ɗari takwas suka yi tsit suna sauraron huhunta. Ban iya juyawa ba, amma ta gefen ido na ga ta ajiye fulas ɗin a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙirji, tana bin sautin da nata numfashin. Suna tafiya daidai.

Aka tashi ana tafi, wasu suna fyace hanci. Muka bari jama'a suka ragu. A tsakiyar matattakala ta tsaya ta dafa ƙarfe.

"Kai ka ƙara shi?"

Na ce a'a.

"Nawa ne?"

"Naki ne, Apa."

"Tun yaushe?"

"Fabrairu."

Ta daɗe tana kallon mutanen da ke fita a ƙasa. Na so ta zage ni, na so ta ɗaga murya ko sau ɗaya. Sai ta ce, "Ka iya aiki, Nurulla. Ko ni ban gane ba." Ta sauka ita kaɗai, ta tsayar da oto mai ƙafa uku ta shiga.

Ran Litinin Afrin ta kai ta asibiti. Bayan mako guda ta kira ni tana kuka, ta ce ciwon daji ne a huhu, ya riga ya yaɗu, kuma likita ya ce da a farkon shekara aka zo da akwai abin da za a iya cirewa. Ta gaya min ne a matsayin ɗan gida, ba ta san wa take gaya wa ba. Likitan bai ce da ta rayu ba, cewa ya yi da akwai abin yi. Na riƙe wannan bambancin na kwana da kwanaki, bai kai ni ko'ina ba. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, na yi imani da haka. Amma ajali nata ne, amanar kuma tawa ce, kuma ba za a tambaye ni ajalinta ba.

Apa ba ta gaya wa kowa abin da na yi ba. Duk zuwan da na yi dubiya sai ta tambaye ni labarin situdiyo, wa ya yi aure, wa yake shan ruwan sanyi a ɓoye. A watan Oktoba muryar ta tafi gaba ɗaya. Matar da ta yi wa jarumai sama da ɗari magana ta koma nuna kofi da yatsa. Sai a lokacin, da na san ba za ta iya amsa min da baki ba, na samu ƙarfin halin neman gafararta, kuma wannan ma na san abin da yake nunawa game da ni. Afrin ta fita karɓo magani. Na faɗi abin da zan faɗa kaina a ƙasa. Ta jawo takardar da ke gefen gado ta yi rubutu a hankali, ta miƙo min. Ta rubuta: "Na yafe tun a matattakala. Amma Jabbar yana cin kansa. Ka gaya masa da bakinka."

Abdul Jabbar ya yi shekara talatin a cikin ƙarar injinan zaren siliki, kunnensa na hagu ya mutu, na dama ma sai an ɗaga murya. Tun da aka gano ciwon yake cewa shi ne da laifi. Na yi mako uku da takardar nan a aljihuna, ina haɗuwa da shi a barandar asibiti, muna shan shayi tare, ban faɗa ba. A maƙabarta, bayan an gama zuba ƙasa, ya rungume ni ya ce, "Nurulla, ni da nake kwana kusa da ita ban ji komai ba. Da mai lafiyar kunne ta aura da yanzu tana nan." Na ce ya yi haƙuri. Abin da na iya ke nan.

Gobe Asabar fim ɗin yake cika kwana ɗari. An kawo min katin biki, an ce za a ba ni lambar yabo saboda sautin fitowar ƙarshe. Har yau ana nuna shi sau huɗu a yini, mutane suna komawa musamman don minti huɗun nan, suna cewa ba a taɓa kwaikwayon mutuwa haka ba. Ba zan je ba. Sudhindra bai san dalili ba sai ya karanta wannan, kuma ina so ya sani shi ba shi da laifi, abin da aka kunna masa ya ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta, Allah ya sanyaya zuciyar da ta ga abin da uwa ba ta fatan gani. Ga Afrin, wadda ta yi wata uku tana barci a kujera, Allah ya sa abin da ta yi ya zama haske a gabanta. Ga 'yan'uwanta na Ramanagara, da ɗalibanta, da duk wanda ya taɓa cin tuwonta a tabarmar situdiyo, Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Gulnaz. Ka gafarta mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Ta rufa wa mutane asiri a duniya, ka rufa mata a ranar da babu mai rufawa sai kai. Numfashi ya yi mata wuya a ƙarshen kwanakinta, ka yalwata mata ƙabarinta, ka buɗe mata ƙofar da iskar Aljanna take shigowa. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Jabbar Bhai, ɗan'uwana, kunnenka ba shi da laifi. A watan Fabrairu babu mijin da zai ji abin nan ko da kunnensa huɗu ne, sai ta hedifon yake jiyuwa, kuma mutum ɗaya ne a duniya yake sanye da shi. Na san rubutu ba shi ta ce ba. Na rubuta ne don in toshe wa kaina hanyar gudu. Gobe bayan La'asar zan zo gidanka. In ka buɗe min ƙofa, zan zauna ta damanka, in faɗa da ƙarfi yadda ba sai ka ce in maimaita ba.